A sa wa ingarman Baba amalanke, ko a bar shi da sirdinsa?

Na Tarna: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nike nema. Akwai doki gidanmu, ingarma ne bikili, zai kai shekara shida. Na tsohonmu ne, to yanzu ciwon ƙafa ya hana shi hawa, ya ce in ji da shi. Tsakani da Allah dokin nan ba ya aikin komi sai ci. Sallah ƙarama, sallah babba, sai ko in an yi biki wani ya zo aro. Ni kuwa gonata tana can hanyar Madarunfa, duk rani sai na biya masu amalanken shanu su kai min taki, da kaka in sake biya a kwaso gero da harawa. Harawar ma shi ke cinye ta. Shi ne na ce ko zai yiwu a koya mishi jan amalanke? Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Baba Mai Barga: Wa alaikumus salam. Ɗana, tsohon naka ya san da wannan magana?

Na Tarna: Ban kai ga faɗa mishi ba tukuna, Baba.

Baba Mai Barga: To kar ka faɗa, ka bar shi ya ji da ciwon ƙafarsa kawai. Garin nan da kake gani a kan doki aka riƙe shi. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi, su Ɗan Kasawa, da me suka tsare Maradi shekara da shekaru? Gobirawan Tibiri da me? Yau dabbar da ake sa wa jalala a kai ta ƙofar Sarki ranar hawa, ita ce za ka ɗaura wa kashin awaki a baya? In ta yi maka nauyi ka sayar wa wanda ya san darajarta, ka sayi jaki.

Bagobirin Tibiri: Baba ya gama magana. Mu nan ko goɗiya ba mu sa ma amalanke, balle ingarma. Abin da munka gada ke nan.

Ɗan Kawlak: Baba, Allah ya ƙara girma, a yi min izini in ce wani abu. Na yi zaman neman kuɗi a Senegal, wajen Kawlak da Tuba. Can doki shi ne motar talaka. Shi ke jan amalanken kasuwa, shi ke ɗaukar fasinja cikin gari, da damina shi ke jan injin shukar gyaɗa. Kuma mutanen nan suna ji da dokinsu ba kaɗan ba, za ka ga mutum ya wanke shi kafin ya wanke jikinsa. Dokin da ke kawo kuɗin cefane ya fi samun hatsi a kan wanda ake jira da shi sai sallah. Ku duba dawakin unguwanninmu a watan Mayu, ana ƙirga musu haƙarƙari.

Baba Mai Barga: Nawa ba a ƙirga masa.

Ɗan Kawlak: Naka daban ne, Baba, kowa ya sani.

Mai Shanun Gulbi: Ni ba ruwana da maganar daraja, lissafi nike. Shekara da shekaru ina amalanke. Bijimai biyu ka saye su ƙanana, su yi maka huɗa, su yi maka jigila, bayan shekara uku ko huɗu ka yi musu kiwo ka sayar da riba, ka sayi wasu ƙanana. Doki fa? Kullum kuɗinsa ƙasa yake yi, in ya karye kuma shi ke nan, ba mahaucin da zai zo. Sannan rairayin hanyar gona ba wasa ba ne. Kayan da doki zai ja yana taƙama bisa kwalta, in ya shiga rairayi sai ka ga ya tsaya yana huci. Sa ba ya sauri amma ba ya tsayawa.

Na Tarna: Gaskiya ne yaya, amma shanun babu su, dokin kuwa ga shi a turke. Ko na sa shi aiki ko ban sa ba sai ya ci.

Mai Shanun Gulbi: Nan kam ka kama ni.

Hajiya Mai Ƙuli: Ni dai in za ku yi ku yi. Mai amalanken jakin da ke kawo min gyaɗa daga kasuwa sai ya kai azahar. Kuma jakin ma yanzu wa ya ce yana da arha? Tun da aka shiga sayen su don fata har gwamnati ta hana fitar da su a 2016, kuɗin jaki bai koma inda yake ba.

Ɗan Kawlak: To Na Tarna, bari in faɗa maka abin da na gani da idona, amma ka fara sanin matsalarka. Dokinka ba sabo ba ne, an riga an koya mishi wani karatu, kuma karatun kishiyar wanda kake so ne. Dokin hawa an koya mishi da an taɓa shi da ƙaimi ya zabura, da an ja linzami ya yi zamiya ya tsaya cak, in an riƙe shi ya riƙa rawa yana tattaka ƙasa don mutane su yi guɗa. Dokin amalanke kuwa abu uku ake so gare shi: ya tashi a hankali, ya yi tafiya ɗaya ba gaggawa, in an ce tsaya ya tsaya kamar an dasa shi, ko da babur ya gifta ta gaban hancinsa. Na ukun nan shi ne duka aikin. Dokin da bai iya tsayuwa ba, kada a kusa da shi da amalanke.

Saboda haka ka ajiye maganar amalanke gefe. Ka sa mishi ragama, ka ja shi da hannu safe da yamma, kana yi mishi magana. Kalma uku kawai, kuma kada ka canza su: mu je, tsaya, baya. Murya ɗaya, ba tsawa. In ka ce tsaya ya tsaya, ka sassauta igiya, ka shafa wuyansa, ka bar shi tsaye. Ya motsa ƙafa, ka maida shi inda yake ka sake cewa tsaya. Yau ɗan lokaci kaɗan, gobe ka ƙara, har ya zama kana iya sakin igiyar ka zagaya shi ka dawo bai gusa ba. A kan amalanke ba ka da ƙafa a jikinsa, ba ka da ƙaimi, muryarka da linzami kaɗai gare ka.

Bagobirin Tibiri: Wato doki za a sa makarantar allo.

Ɗan Kawlak: Har da haddar ma, Bagobiri.

In wannan ta zauna, sai igiya biyu dogaye, kowace ta kai mita biyar ko shida, ɗaya ta kowane gefen linzami, ka bi da su ta cikin likkafa don kada su ja ƙasa, ka ɗaure likkafun ta ƙarƙashin ciki. Kai kuma ka koma bayansa kana tafiya a ƙasa, nesa da inda harbi zai same ka, yaro na riƙe da kansa a farko. Nan zai koyi jin umarni daga wanda ba ya gani. Dama, hagu, tsaya, baya. Igiyar za ta riƙa shafar cinyarsa, zai yi tsalle, zai yi harbi, ka ƙyale shi har ya gane ba maciji ba ne. Idan ya saba cikin gida, ku fita fili, daga nan ku bi ta inda kabu-kabu da adaidaita ke wucewa.

Malamar Dabbobi: Sannunku da muhawara. Ina bin ku tun ɗazu, ina so in tsoma baki kan linzami kafin a wuce. Linzamin gargajiyarmu mai zobe da harshen ƙarfe an yi shi ne don tsaida doki nan take da hannu ɗaya. In ka haɗa shi da igiya mai tsawon mita shida, nauyin igiyar kaɗai yana danna mishi ganda, balle a fizga. Ina ganin dawaki da harshe a tsage saboda haka. A nemi linzami mai sauƙi, sandar ƙarfe mai santsi da zobe biyu a gefe, maƙeri na iya yin shi in an nuna mishi. Shekarun dokin kuma sun yi daidai. Da dukushi ne ɗan shekara biyu da na ce a dakata, don ƙashin baya bai gama ƙwari ba.

Abu na biyu, kuma na san Baba ba zai so shi ba: ingarma ne. Ranar da ya jiyo goɗiya a kasuwa yana cikin amalanke, karatun nan duka zai iya zubewa. Masu aikin amalanke da yawa a wasu ƙasashe fiɗiye suke amfani da shi ko goɗiya.

Baba Mai Barga: Innalillahi. Ƴata, daga amalanke kuma sai fiɗiya? Ku yanka shi mana ku huta.

Malamar Dabbobi: Allah ya huci zuciyarka Baba, ban ce a yi ba, na ce a sani. A Senegal ɗin da ake magana ma akwai ingarmu da yawa cikin amalanke. Sai dai mai shi ya san abin da yake riƙe da shi.

Na Tarna: Wannan kam ko ni ba zan iya tunkarar tsoho da ita ba. A bar shi yadda Allah ya yi shi.

Direban Dakoro: Ku bari in ba ku labari. Wani maƙwabcinmu ya yi irin wannan dabara, amma shi bai tsaya wata makarantar allo ba. Ya aro amalanken jaki, ya kama dokin biki ya cusa tsakanin sanduna, ya ɗaure da igiyar rijiya, ya ɗora buhunan wake. Wallahi da farko lafiya lau, har yana ɗaga wa mutane hannu. Ashe ana ɗaurin aure a gaba. Da maroƙa suka saki kalangu, doki ya tuna sana'arsa ta asali, ya ɗaga ƙafafun gaba ya yi gaisuwa, amalanke ya daki ƙafafunsa na baya, sai ya zuba da gudu. Wake har cikin kwata. Mutumin ya yi wata yana ɗingishi, dokin kuma daga ranar ko baro ya gani sai ya tsinke igiya.

Hajiya Mai Ƙuli: Wayyo cikina! Allah ya sa dai ba a taka yara ba.

Direban Dakoro: Allah ya tsare, Hajiya, akuya ɗaya ce ta tafi.

Ɗan Kawlak: Dariya ce amma ƙarshen labarin shi ne abin tsoro. Doki ba ya manta firgita. In ya tsorata da amalanke sau ɗaya, abin na bin shi a baya yana ƙara, shi kuma yana ƙara gudu, gyaran wannan ya fi koyarwar farko wuya nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a tsallake mataki.

Bayan igiya biyu, sai ja. Ka sa mishi abin ƙirji da igiyoyin ja, ka ƙara musu tsawo, wani ƙato ya riƙe bakinsu daga baya yana tafiya yana ɗan jingina da nauyinsa. Dokin hawa bai san tura abu da ƙirji ba, da ya ji an tokare shi zai tsaya ko ya ja baya, don a saninsa tokarewa na nufin tsaya. Sai an lallaɓa shi. In ya fara turawa, a kawo tsohuwar taya ko guntun icce. Amma kada a ƙulle. A zarga igiya mutum ya riƙe bakinta, da doki ya firgita a saki, tayar ta tsaya nan, shi ya wuce. Kafin ma a ɗaura mishi, wani ya ja tayar a gabansa, a gefensa, a bayansa, ya ji ƙararta bisa rairayi da bisa tsakuwa. Daga nan sanduna biyu na gora ko dogon yaro a gefe da gefe, su riƙa taɓa cikinsa in zai juya, don cikin amalanke ba ya iya lanƙwasa jiki, sai dai ya gicciya ƙafafu ya juya gaba ɗaya.

Ranar sa amalanke na gaske kuwa, mutum uku: ɗaya a kai, ɗaya kowane gefe. Amalanke wayam. A jawo amalanken zuwa ga doki, kada a tura doki baya cikinsa. Fili mai faɗi, ba ranar kasuwa ba, taku kaɗan a kwance shi tun yana cikin natsuwa. Kuma dokar da ba ta da sai dai: ba a cire linzami doki na ɗaure da amalanke, ko da ruwa za a ba shi.

Na Tarna: Duk wannan zai ɗauki kamar wane lokaci?

Ɗan Kawlak: Dokin ne zai faɗa maka. Wani makonni, wani watanni, wani kuma ba zai taɓa yarda ba, in ka ga haka ka haƙura. In kana son takin bana ya isa gona kafin ruwan Yuni, to bana dai ka biya Mai Shanu.

Mai Shanun Gulbi: Madalla da wannan magana, ita ce ta fi kowace daɗi yau.

Baduku Ɗan Bagalam: Ku kuna ta doki, ba wanda ya tambayi kayan da ake ɗaure shi da su ga amalanke. Mu ake kawo wa gyara bayan an yi ɓarna. Abin da ke kashe dabbar amalanke a garin nan kayan ɗaurin ne, ba nauyin lodi ba. Dubi jakunan ƴan ruwa: robar taya a ƙirji, waya a maɗauri, buhun leda a baya. Leda ba ta shan gumi, sai ta dafa fatar ta saluɓe. Fatar doki kuma ta fi ta jaki laushi.

Abin ƙirji ya zama mai faɗi, kamar yatsu huɗu, fata mai laushi ko ɗamarar zare, a naɗe da tsumman auduga ko buzu, ɗinkin ya koma waje. Wurin zamansa ɗan tsakani ne: in ya hau sama ya shaƙe maƙogwaro, in ya sauka ya danne kan kafaɗa inda ƙashi ke motsi. Sai an rataye shi da wani maɗauri ta bisa wuya don kada ya zame. Sannan ɗan sirdi mai matashi biyu da zai ɗauki sanduna, tsakiyarsa a ɗage, kada komi ya taɓa ƙashin baya. Na ƙarshe wanda kowa ke mantawa, maɗaurin gindi, wanda ke zagaya cinyoyi ta baya a ɗaure shi ga sanduna. Shi ne birki. Maradi a tudu take tun da ambaliyar 1945 ta sa aka taso daga kwari, duk mai zuwa gulbi sai ya gangara. Ba maɗaurin gindi, amalanke zai bi doki ya dake shi, ka ji abin da ya sami mai wake.

In kun dawo aiki ka cire kaya ka bi wurin da tafin hannu. Inda gashi ya murɗe ko ya yi zafi ko ya ɗan kumbura, gobe nan ne miki. Kada ka jira sai ka ga ja.

Malamar Dabbobi: Allah ya saka da alheri, malam baduku. In ƙara: in mikin ya fito, don Allah kada a shafa baƙin mai na mota ko toka ko garin batir. Ruwan gishiri mai tsabta, a huta da aiki har ya warke, a gyara abin da ya jawo shi. Doki na saurin kamuwa da sandarewar jiki ta hanyar miki, akwai allurar rigakafi, a tambaya a ma'aikatar kiwo. Kada kuma a yi aron kayan wani doki mai ƙuraje, akwai cutar fata da ke bin kaya. Ruwa a ba shi kafin aiki, a tsakiya, da bayan aiki. Cikin zafin Afrilu doki mai aiki na iya shan lita 40 ko fiye a yini. Hatsi kuma kaɗan-kaɗan, ba tiya guda lokaci ɗaya ga dokin da ya dawo a gajiye ba, nan ciwon ciki ke shiga. Aikin ya zama da sassafe da la'asar.

Mai Walda: Saura nawa. Na Tarna kada ka ce za ka yi da amalanken shanu, shi sanda ɗaya gare shi ta karkiya. Na jaki kuma ya yi mishi gajere ya yi ƙunci, sandunan za su kalli sama, kaya su zame baya, majayi ya riƙa ɗaga shi ta ciki. Sai an yi nashi. Sanduna su kwanta daidai tsakiyar cikinsa, a bar tazara a baya yadda ƙafarsa ba za ta taɓa ba ko ya miƙe ta. Igiyoyin ja kada a ɗaure su ga jikin amalanke kai tsaye, a sa ɗan gajeren ƙarfe mai lilo a tsakiya, igiya ɗaya kowane baki, yadda in kafaɗar dama ta yi gaba ya bi ta, ta hagu ta yi gaba ya bi ta. Ba shi, abin ƙirji zai riƙa goga kamar zarto. Lodi kuma bisa gatari. Gwajin mai sauƙi ne: ka gama lodi ka ɗaga sandunan da hannunka. In sun fi ƙarfinka, sun fi ƙarfin bayansa. In suna neman tashi sama, ka matso da buhu gaba. Ɗan nauyi kaɗan ake so a hannu.

Mai Shanun Gulbi: Baduku zai ci, mai walda zai ci, maƙeri zai ci, malama za ta yi allura. Na Tarna, ka tara kuɗin nan ka gani ko bai kai na ɗan maraƙi ba.

Hajiya Mai Ƙuli: Kai dai kana tsoron a raba ka da ciniki.

Mai Shanun Gulbi: Hajiya ni da doki ba ma haɗa hanya. Shi ya ɗauki mai sauƙi ya yi sauri bisa hanya mai ƙarfi, gyaɗarki da fasinjan ƙauye. Taki da bulo da yashi a bar wa masu ƙaho.

Ɗan Kawlak: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. In takin ne kawai, rabin lodi sau biyu.

Na Tarna: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Kwanakin nan muna ta tsaya da mu je. Tsayuwar tana samuwa in ba kowa, amma da yara sun taru sai ya fara rawa. Jiya na gwada igiya biyu, da ta taɓa cinyarsa ya yi harbi har ya fasa tulun maiɗakina. Yanzu ita ma ta koma ɓangaren Baba.

Ɗan Kawlak: Ka yi sauri. Koma baya. Ka riƙa shafa mishi igiyar da hannu a cinya da ƙarƙashin wutsiya yana cin harawa, har ya daina kulawa. Yaran kuma kada ka kore su, su ne jarrabawar, sai dai su tsaya nesa.

Baba Mai Barga: Wane lokaci kake fitar da shi?

Na Tarna: Da safe Baba, daga turke.

Baba Mai Barga: Shi ya sa. Ingarman da ya kwana a ɗaure ya ci hatsi, ka kwance shi ka ce ya tsaya? Ka hau shi tukuna ka yi ƙilisa har bakin gulbi ka dawo, ya zubar da zafin kansa, sannan ka yi karatun naka. Ka rage mishi gero kwana biyu, ka ƙara ciyawa. Kuma kada ka tsaya daidai bayansa, ka ɗan karkata ta hagu inda zai gan ka da wutsiyar ido.

Bagobirin Tibiri: A'a! Baba, kai ma ka shiga makarantar?

Baba Mai Barga: Ban shiga ba. Ba na so ya karya yaron mutane ne. Ɗana, ina da goɗiya hurde, ta manyanta kaɗan, ko tambari aka buga a kunnenta ba ta motsi. In lalle sai ka yi amalanken nan, kawo ingarman bargata ka ɗauke ta, ranar sallah ka zo ka hau abinka. Amma da sharaɗi, sai tsohonka ya ce to da bakinsa.

Baduku Ɗan Bagalam: To ku daidaita kafin in yanka fata, don awon goɗiya daban na ingarma daban.

Na Tarna: Baba na gode ƙwarai. Sai dai faɗa wa tsohon ne aikin. Ko za ka raka ni? Ku ne kuka san yaren juna.

Baba Mai Barga: Juma'a bayan an sauko masallaci. Ka sayi goro, fari, kuma kai za ka fara magana.